Wasannin Kwali Na Zamani: Me Ke Cikinsu, Kuma Wanne Ya Dace Da Gidan Musulmi?



A babban hutun lakwal da ya wuce, wani ɗanmu da ke karatu a Faransa ya zo ganin gida, cikin tsarabarsa har da wani jan kwali mai ɗan nauyi. Bayan sallar isha'i ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya kira ƙannensa, ya buɗe kwalin, sai ga katuna da ƴan gidaje na katako da ƙwayoyin ludo guda biyu. Kakarsa na hango katunan ta tafa hannu ta yi salati, ta ce, "Karta a gidan Malam? Kai ɗan nan, abin da ka je koyowa ke nan?" Ya ce, "Wallahi Hajiya ba caca ba ce, noma ne da ciniki." Ta ce ita dai tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an raba kati an tashi lafiya ba. A daren nan ba a yi wasan ba, aka rufe kwali aka ɗora kan kabad.

Mun daɗe muna juya wannan magana, domin kowannensu yana da gaskiyarsa. Hajiya ta san gidajen da karta ta rusa, ta ga magidantan da suka sayar da hatsin rumbu saboda ita. Yaron kuwa ya ga ƙannensa kowa ya duƙufa kan wayar salula, gida cike da mutane amma shiru kamar ba kowa, yana neman abin da zai tara su wuri guda. Ire-iren wannan kwali sun fara shigowa gidajenmu ta hannun ɗalibai da matafiya. Saboda haka muka ga ya kamata mu bincika mu gaya wa iyaye abin da ke ciki, domin in za a hana a hana da sani, in kuma za a bari a bari da sani.

Daga ina suka fito?

Faransawa suna kiran su jeux de société, wato wasannin zaman jama'a. Mu kuwa za mu ce musu wasannin kwali, tun da a kwali suke zuwa. Wasu daga cikinsu mun daɗe da saninsu. Ludo, wanda aka yi wa rajista a Ingila a 1896, asalinsa wani tsohon wasan Indiya ne mai suna pacisi. Monopoly ya fito kasuwa a Amurka a 1935, bayan wata mata mai suna Lizzie Magie ta ƙago tushensa tun 1904 don ta nuna yadda masu filaye ke tsotse ƴan haya. Uno kuwa wani mai aski ne a jihar Ohayo ta Amurka, Merle Robbins, ya ƙirƙira shi a 1971.

Sabbin da muke magana a kansu daga Jamus suka taso. A 1979 masu sharhin wasanni na ƙasar suka fara ba da lambar yabo ta shekara-shekara mai suna Spiel des Jahres, wato wasan shekara, kuma duk kwalin da ya ci ta cinikinsa yakan ninka sau da yawa. A 1983 aka fara baje kolin wasanni a birnin Essen, wanda ake yi kwana huɗu a watan Oktoba, a ƴan shekarun nan kuma mahalarta sukan kai wajen dubu 200. Faransa ma tana da nata bikin a birnin Cannes, inda ake ba da lambar As d'Or. Waɗannan abubuwa suka sa ƙirƙirar wasa ta zama sana'a, har ana rubuta sunan maƙirƙiri a bangon kwali kamar yadda ake rubuta sunan mawallafi a bangon littafi.

Wasannin Jamusawa sun bambanta da Monopoly ta fuska uku. Na farko, ba a fitar da kowa daga wasa, kowa yana ciki har ƙarshe, ba kamar wanda ya karye a Monopoly ya koma gefe yana hamma ba. Na biyu, suna da iyaka, yawancinsu daga rabin awa zuwa awa guda da rabi. Na uku, dabara ta fi sa'a yawa a cikinsu, kuma abin da ake yi gini ne da noma da fatauci.

Jan kwalin da ya tayar da magana

Kwalin da ɗanmu ya kawo sunansa Catan. Wani Bajamushe mai sana'ar haɗa haƙoran roba, Klaus Teuber, shi ya ƙago shi a lokutan hutunsa, ya fito a 1995 ya ci lambar wasan shekara, daga nan ya bazu duniya har aka sayar da fiye da kwali miliyan 30. Teuber ya mutu a 2023.

Ga yadda yake. Ana jera faifai 19 masu kusurwa shida su zama tsibiri: daji, gona, makiyaya, dutse, ramin laka, da hamada guda. Kowane fili, ban da hamada, yana da lamba. In an jefa ƙwayoyi biyu lambar fili ta fito, duk mai gida a gefensa zai karɓi amfaninsa, ko katako, ko alkama, ko gashin tumaki, ko tama, ko tubali. Hanya tana cin katako da tubali. Ƙauye yana cin katako da tubali da alkama da gashin tumaki. Mai son mayar da ƙauye birni sai ya biya alkama biyu da tama uku. Wanda ya fara kai maki 10 shi ya ci. Tun da da wuya mutum guda ya mallaki dukkan kaya biyar ɗin, dole sai an yi ciniki, wannan ya ce a ba shi tubali ya ba da tumaki biyu, wancan ya ce albarka. In lamba bakwai ta fito, ɓarawo ya motsa, kuma duk wanda ya tara katuna fiye da bakwai a hannu sai ya zubar da rabi. Yaro yakan koyi darasi biyu a nan ba tare da an yi masa wa'azi ba: ɓoye kaya yana jawo asara, kuma wanda ya ɓata da abokan ciniki ba ya samun mai saya masa.

Waɗanda ba su da ƙwayar jefawa

Da yawa daga cikin fitattun wasannin nan babu ƙwayar ludo a cikinsu ko kaɗan, kuma wannan yana da muhimmanci saboda abin da za mu faɗa nan gaba.

Akwai Carcassonne na Klaus-Jürgen Wrede, wanda ya fito a 2000, aka sa masa sunan wani tsohon birni mai ganuwa a kudancin Faransa. Faifai 72 ne ake ɗauka ɗaya bayan ɗaya ana haɗawa, hanya ta haɗu da hanya, ganuwa da ganuwa, har taswira ta cika. Iyaye su sani cewa cikin zanen akwai gidajen ibadar Kirista, kamar yadda ƙasar take.

Akwai Les Aventuriers du Rail na Alan Moon, na 2004, inda kowa ke da taragon jirgin ƙasa 45 yana neman haɗa birane. Yaran da suka yi shi sau uku sukan haddace taswira fiye da yadda suka haddace ta a aji.

Akwai Azul na Michael Kiesling, na 2017, wanda ya ci lambar wasan shekara a 2018. Ƴan tayil 100 ne masu launi biyar, ana zaɓa ana jera su a bango bisa ƙa'ida. Sunan ya fito ne daga azulejo, tayil ɗin ado na Fotigal, kalmar kuwa asalinta Larabci ce, azzulaij, sana'ar da Musulmin Andalus suka bari a can. Adon tayil ɗin zane ne irin na bangon masallaci.

Akwai Dixit, wanda wani likitan ƙwaƙwalwar yara Bafaranshe, Jean-Louis Roubira, ya ƙago a 2008. Katuna 84 ne masu zane, babu rubutu. Mai juyi zai faɗi kalma ko jimla game da katinsa, sauran su cinka wanne ne. In kowa ya gane bai ci ba, in babu wanda ya gane ma bai ci ba. Mun ga ana yinsa da karin magana da kacici-kacici na Hausa, ya yi daɗi ƙwarai, domin a nan tsofaffi suke kayar da ƴan lakwal. Sai dai zanensa cike yake da mutane da dabbobi, gidan da ke ƙyamar hoto sai ya lura.

Sa'an nan akwai waɗanda ba a gasa a cikinsu, kowa da kowa ɓangare guda ne, a ci tare ko a faɗi tare. Pandemic na Matt Leacock, na 2008, shi ya fi suna. Ƴan wasa ma'aikatan lafiya ne, suna yawo tsakanin birane 48, ciki har da Legas da Hartum da Kinshasa da Alƙahira da Aljas, suna neman maganin cututtuka huɗu kafin annoba ta ɓarke sau takwas. Hanabi na Antoine Bauza, na 2010, ya fi shi sauƙi da araha: kowa yana riƙe katunansa a juye, yana ganin na kowa ban da nasa, sai ƴan'uwansa sun yi masa ishara. Ga gidan da yara ba sa iya faɗuwa sai da kuka, waɗannan suka fi dacewa a fara da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan yaro yana ganin haka da idonsa.

Abin da addini ya ce

Mu ba masu ba da fatawa ba ne. Za mu kawo abin da yake sananne, sauran kuma kowa ya kai wa malaminsa.

Wasa a kan kansa ba abin ƙi ba ne. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ya kuma bar ta ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci ranar idi. Caca kuwa haramun ce babu saɓani. Allah Ya ambace ta a Suratul Baƙara aya ta 219, sa'an nan Ya haramta ta a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91, inda Ya haɗa ta da giya, Ya kuma bayyana illolinta: tana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, tana shagaltar da su daga ambaton Allah da salla. Duk wasan da aka sa kuɗi a kansa, ko dala guda ce, ko kuwa aka ce wanda ya faɗi shi zai sayi sukarin shayi, ya shiga wannan babi. Samarinmu na fada masu buga belot su riƙe wannan da kyau.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne ƙwayar jefawa. Hadisai sun zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim da hani mai tsanani a kan nardu, wani tsohon wasan Farisa da ake yi da ƙwayoyi biyu, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan haramcinsa ko da babu kuɗi. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, ta hana nardu ta hana shaɗaranji ma. Imamu Shafi'i kuwa ya ɗauki shaɗaranji makaruhi ne kawai, domin tunani ne ke tafiyar da shi. A cikin malaman zamani akwai waɗanda suka faɗaɗa hanin nardu zuwa duk wasan da ake jefa ƙwaya, har da ludo, akwai kuma waɗanda suka tsayar da shi a kan nardu da abin da caca ta shiga. Shaihu Yusuf Alƙardawi, cikin littafinsa na halal da haram, ya halatta shaɗaranji da sharuɗɗa uku: kada ya sa a jinkirta salla, kada caca ta shiga, kada a yi alfasha a kansa. Tun da Catan da Monopoly da ludo duka da ƙwaya ake yinsu, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da mafita mai sauƙi, wato ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda muka lissafa marasa ƙwaya.

Game da kati kuwa, akwai abin da zai ba Hajiya mamaki. Masana tarihi sun tafi a kan cewa daga Masar ta zamanin Mamluk kati ya shiga Turai wajen shekarun 1370. A gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul akwai tsofaffin katunan Mamluk, tsarinsu na kati 52 ne gida huɗu, babu fuskar mutum a jikinsu sai ado da rubutu. Wannan tarihi ne kawai, ba hujjar shari'a ba ce. Abin da yake nuna mana shi ne takardar ba ta da laifin kanta, abin da aka yi da ita ake dubawa.

Wani tarko da iyaye ba su sani ba

Akwai wani nau'in katuna da muke so a yi hattara da shi ko da babu ƙwaya a ciki, wato katunan tarawa. An fara su da Magic: The Gathering na Richard Garfield a 1993, sai katunan Pokémon suka biyo a Japan a 1996. Ana sayar da su a ƴan ƙunshi a rufe, mai saye bai san abin da ke ciki ba. Wataƙila ya dace da kati mai tsada, galibi kuwa ya tashi da tarkace. Yaro ya sayi ƙunshi bai samu ba, gobe ya sake saye, jibi ya ci bashi. Duk wanda ya karanta babin ciniki a fiƙihu ya san abin da ake kira garari, wato sayen abin da ba a san shi ba, kuma wannan ya yi kama da shi ƙwarai. Bugu da ƙari, na farkon nan jigonsa gaba ɗaya bokaye ne da tsafi. Sauran wasannin da muka ambata sau ɗaya ake sayen kwali, an san abin da ke ciki, a yi shekaru ana amfani da shi.

Shawararmu ga magidanta

Uba ko uwa su buɗe kwali da kansu, su sa a karanta musu ƙa'idar, su dubi zanen, kafin a miƙa wa yara. A jikin kowane kwali an rubuta shekarun da ya dace da su da yawan ƴan wasa da tsawon lokaci. A tsayar da lokaci sananne, kamar daren Juma'a ko na Asabar bayan isha'i, bayan an gama tilawa da aikin lakwal. In an kira salla a kife katuna a tashi, ko da saura juyi guda a ci. Kada kuɗi ko wani abin ci ya shiga. Wanda ya yi zagi ko ya yi maguɗi ya huta a wannan daren. Baligai maza da mata waɗanda ba muharramai ba kowa ya yi nasa zaman daban, kamar yadda muka saba.

Maganar kuɗi ma gaskiya ce. A Turai babban kwali yakan kai Yuro 40, wato wajen jaka 26 na sefa, kafin a sa kuɗin kawowa. Magidancin da bai cika buhun hatsi ba kada ya sa kansa wannan. Gidaje uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi guda suna karɓa-karɓa, ko ɗakin karatu na unguwa ya ajiye ana ara kamar littafi.

Namu na gida

Cikin bincikenmu mun ci karo da wani ƙaramin wasa na mutum biyu mai suna Targi, wanda Bajamushe Andreas Steiger ya fitar a 2012. Labarin Abzinawa ne, kayan cinikin kuwa dabino da gishiri da yaji da zinariya. Wato irin ayarin da ke tashi daga yankin Agadas ya keta Tenere zuwa Fashi da Bilma ya dawo da kantun gishiri da dabino, shi wani ya mayar wasa a kwali yana sayarwa duniya. Mun yi murna, mun kuma ji kunya kaɗan.

Domin mu ma muna da namu tun kaka da kakanni. Dara gurbi 30 ce, biyar sau shida, kowa da ƴaƴa 12, wannan da tsakuwa wancan da ƴan karare. A fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a riƙa matsawa gurbi guda, duk wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Babu ƙwaya, babu hoto, babu ko dala da za a kashe, ƙasa kawai za a tona. Lissafin da ke cikinta bai gaza na kowane kwali ba, har Hausawa suka samo karin magana daga gare ta, in dabarar mutum ta juyo kansa a ce dara ta ci gida. Maƙwabtanmu ma suna da nasu, awale mai gurbi 12 da ƴaƴa 48 a ƙasashen gaɓar teku, da songo a kudancin Kamaru. Amma yara nawa ne a biranenmu yau suka iya dara? Muna kira ga matasanmu masu zane da masu lissafi su zauna su ƙago wasa a kan fataucin goro daga Gwanja, ko kasuwar dabbobi, ko noman rani, su rubuta ƙa'idarsa da Hausa.

A gidan da muka fara da labarinsa, Malam da kansa ya sauko da kwalin bayan kwana biyu, ya sa aka karanta masa ƙa'idar tun daga farko har ƙarshe. Ya ce shi bai natsu da ƙwayoyin nan ba, a mayar da shi kan kabad. Yaron bai yi musu ba, ya ce, "To Baba." Sai ya fito da ƙaramin kwalin Hanabi daga jakarsa, Malam ya duba ya ce wannan a yi, amma ban da lokacin karatu. Da yamma kuma Malam ya kira jikokinsa ƙofar gida, ya tona gurbi 30 a ƙasa, ya cinye ɗalibin Faransa sau uku a jere. Hajiya har yanzu ba ta taɓa kati da hannunta ba, sai dai takan jawo kujerarta kusa, tana gaya wa autar gida wanda za ta jefa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sanya albarka a lokutanmu, Ya tsare gidajenmu daga caca da duk abin da ke raba zumunci. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.